Waya, kwamfuta ko taswira: abin da ya kamata a saya don gane duwatsun nesa a hotunan duniyar Mars

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san yadda hazon hunturu yake wasa da ido, domin dutsen da ake gani sarai da damina yakan koma kamar inuwa a watan Janairu, har mutum ya kasa cewa kusa yake ko nesa. Irin wannan matsala ce take jiran malamin makaranta ko ɗalibin da ya ɗauki hotunan da motocin bincike na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suke aikowa daga duniyar Mars, yana son ya san wane tudu ne wancan da ya leƙo a ƙarshen gani. Hotunan kyauta ne a intanet. Abin da ake kashe wa kuɗi shi ne kayan duba su, kuma a nan ne mutane da yawa suke zuba jikkunansu inda bai kamata ba.

Kafin a shiga kasuwa, ya kamata a san yadda aikin yake. Mars ta fi duniyarmu ƙanƙanta, daga tsakiyarta zuwa doronta kimanin kilomita 3,390 ne, namu kuwa 6,371, saboda haka ƙasarta ta fi saurin lanƙwasa. Kyamarar da take bisa tsayin mita 2, kamar na motar Curiosity ko Perseverance, ba ta ganin shimfiɗaɗɗen fili fiye da kusan kilomita 3.7, alhali a nan za ta kai kilomita 5. Tudun da yake nisan kilomita 30 kuwa, kusan mita 100 na gindinsa a ɓoye suke, kansa kaɗai ake gani. Ke nan siffar da ido ya gani ba ta isa shaida ba. Sai an san inda motar ta tsaya a ranar, da ɓangaren da kyamara ta fuskanta, sannan a ja layi a kan taswira a duba tsayin ƙasar da layin ya ratsa. Kayan da za a saya, wannan aikin ne ma'auninsu.

Wayar salula ita ce ta farko da ake tunani, tunda tana aljihu. Ta isa a sauke hoto, a kuma buɗe taswirar da take nuna hanyar da motar ta bi. Amma jan layi daidai da yatsa a kan ƙaramar fuska wahala ne, kuma ba a iya ajiye hoto da taswira gefe da gefe. Wanda yake da waya ya riƙe ta, kada ya canja ta da mai tsada saboda wannan aiki. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: hoton da ya bi ta WhatsApp an matse shi, kuma siririn layin tudun nesa shi ne farkon abin da yake ɓacewa.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ita ce nake ganin ta fi cancanta, ko da ta hannu ce. Dalili shi ne manhajojin da suke yin ainihin aikin a kanta suke gudana. JMARS, wadda Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka take bayarwa kyauta, tana ɗora taswirori iri-iri a kan juna, ta kuma zana hawa da gangaren ƙasa tsakanin wurare biyu. Mars Trek ta NASA ba ta buƙatar a girka komai, a shafin intanet take aiki, sai dai tana shan data. Google Earth Pro na kwamfuta ma yana da sashen Mars, ya fi sauƙi ga sabon shiga, amma bai kai JMARS zurfi ba. A nemi mai ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 8, domin haɗaɗɗen hoton da ya kewaye sararin gaba ɗaya yana da nauyi, a kuma gwada batirinta a gaban mai sayarwa, ganin yadda wuta take zuwa tana tafiya a watannin zafi.

Fuskar kwamfutar ce ta fi bukatar a tsaya a kanta. Kyamarorin Mastcam na Curiosity, masu tabarau na milimita 34 da 100, da Mastcam-Z na Perseverance mai zuƙowa daga 26 zuwa 110, kowane hotonsu bai wuce kimanin ɗigo miliyan 2 ba. Don haka fuskar da ake kira 4K ba za ta fito da abin da babu shi a hoton ba, ta 1920 da 1080 ta wadatar. Abin nema shi ne nau'in IPS maimakon TN, saboda ta TN takan sauya haske da duhu da zarar mutum ya ɗan sunkuya, alhali bambancin gefen ramin Gale, wani babban rami a doron Mars, da sararin sama mai ƙura ɗan kaɗan ne ƙwarai. Ramin nan faɗinsa kilomita 154 ne, Curiosity tana cikinsa tun watan Agusta na 2012, kuma gefensa yakan dushe idan ƙura ta tashi, har masana suna auna yawan ƙurar da shi. Gwajin a shago ba shi da wuya: a buɗe hoto mai hazo, a karkata fuskar gaba da baya, in tudun ya ɓace a ajiye ta.

Majigi na aji yana da amfani wajen nuna wa ɗalibai, amma hasken rana irin namu yana wanke launi, ba da shi ake tantancewa ba.

Saura taswirar takarda, wadda mutane suke rainawa. Buga yankin da motar take a babbar takarda, da ma'aunin kusurwa irin na ƴan makaranta da rula, shi ne mafi araha cikin duka, kuma ba ya jiran wuta. Sai dai a lura da tushen taswirar. Taswirar tsayi ta MOLA, na'urar da ta auna tsayin ƙasar Mars daga sama, kowane ɗigo nata yana wakiltar mita 463 ne, ta dace da manyan abubuwa kamar Dutsen Sharp da ke cikin ramin Gale, mai tsayin fiye da kilomita 5, amma ƙaramin tudu irin Kodiak da ke ramin Jezero, inda Perseverance ta sauka ranar 18 ga Fabrairu 2021, zai kusa nutsewa a cikinta. Ga irin wannan sai hotunan kyamarorin kumbon da yake kewaya Mars, wato na CTX masu mita 6 a ɗigo, ko na HiRISE masu kimanin santimita 30. A tabbata an buga layin arewa da ma'aunin nisa a jikin takardar, domin mai buga takardu yakan rage ko ya ƙara girman hoto don ya cika shafi.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, shawarata ita ce kwamfuta ta hannu mai fuskar IPS, da taswirar CTX guda ɗaya a takarda, sauran kuɗin a bar su don sayen data.