Kejin kajin ƙwai mai hawa uku ga wanda ya yi ritaya da sauran ƙarfinsa

A ƙa'idar aikin gwamnati a Najeriya, ma'aikaci yana ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Wanda aka ɗauka yana ɗan shekara 18 ko 20 zai dawo gida yana da hamsin da 'yan kai, lafiyarsa ƙalau. Kowa ya san damuwar jiran fansho. Wadda ba a cika faɗa ba ita ce gari ya waye babu inda ake jiran mutum, daga masallaci sai majalisa, daga majalisa sai barcin rana. Ga irin wannan mutum ne muke auna kejin waya na kajin ƙwai, wanda ake kafawa a bayan gida.

Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne mai hawa uku, fuska biyu, ƙasansa ya fi samansa faɗi domin kashin kajin sama ya sauka ƙasa bai taɓa na ƙasa ba. Mai ɗaukar kaza 96 yana da ɗaki huɗu a kowane hawa ta kowace fuska, kaza huɗu a ɗaki. Yana zuwa da kwatamin abinci na roba, bututun ruwa mai bakin shan da ake kira nipul, da ƙaramin tankin rage ƙarfin ruwa. Ƙasan kowane ɗaki yana da ɗan gangare, kaza na yin ƙwai zai gangaro waje. Wannan shi ne babban alherinsa a kan kiwon ƙasa: ƙwai ba ya ɓaci, kaji ba sa fasa shi su sha, kuma kazar da ta daina ƙwai ba ta ɓuya cikin 'yan uwanta.

Abin da ya sa muke ganin ya dace da mai ritaya shi ne yadda aikinsa ya rabu bisa lokutan salla. Bayan Asuba a bi bakin ruwa ɗaya bayan ɗaya, a taɓa da yatsa a ga ya ɗiga, sannan a zuba abinci. Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, wato kaza 96 suna cin kusan kilo 11, buhu mai kilo 25 kwana biyu ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Yawancin ƙwai da safe ake yinsa, don haka kwasar farko da hantsi, ta biyu bayan Azahar. Bayan La'asar a ƙara abinci, a ɗauki kiret a kai wa masu shayi da shagunan unguwa. Idan kaji suna kan ganiyarsu za a iya samun ƙwai 80 ko sama a rana, kiret biyu da rabi ko fiye. Da Magariba a kunna fitila, domin suna buƙatar haske na kusan awa 16, rana kuwa kusan 12 take bayarwa a arewa. Ƙwan fitila mai sola ya wadatar. Kafin a kwanta a rubuta abin da aka kwasa da abin da aka kashe. Tsohon ma'aikacin ofis ya fi kowa iya wannan, kuma littafin ne zai fara nuna matsala kwana biyu kafin ido ya gani.

Inda kejin ke ba da wahala shi ne ruwa. Kazar da ke cikin waya ba ta da wani wurin sha sai wannan bakin, idan ya toshe ta shiga uku. Lakar ruwan rijiyar burtsatse da garin bitamin da ake kaɗawa a tanki su ne ke toshe shi. A sa matata kafin tanki, a wanke bututu duk bayan ba da magani. Ƙishirwar rabin yini tana iya rage ƙwai na kwanaki. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi ne abokin gaba: rufin kwano mara tsawo yana gasa hawa na sama, tankin da ke rana yana dafa ruwan har kaji su ƙi sha. A ɗaga rufi, a shimfiɗa zana ko ciyawa a kansa, a ajiye tanki a inuwa, a daina ba da abinci tsakar rana.

Wajen saye a duba wayar da kyau. Akwai wadda aka tsoma gaba ɗaya cikin maganin tsatsa, akwai mai shafe sama-sama mai ƙyalli da araha. Ta biyun tana fara tsatsa daga mahaɗar waya, inda kashi ke taruwa, daga nan ƙasan ya lotsa, ƙwai ya tsaya a ƙarƙashin kaza ta take shi. Kada kuma a ƙara kaza ta biyar a ɗaki don neman riba. Tsattsagar juna ke biyo baya. Ƙwai mai laushin ɓawo da kazar da ta kasa tsayuwa alamar ƙarancin sinadarin ƙashi ne a abinci, sai a nemi likitan dabbobi. Shi ne kuma zai tsara rigakafin Niyukasul, cutar nan mai saurin yaɗuwa da kashe kaji, a tambayi mai sayar da kajin takardar rigakafin da aka riga aka yi musu. Kashi kuwa a kwashe sau biyu a mako, a barbaɗa garin katako, in ba haka ba wari da ƙuda za su haɗa mutum da maƙwabta. Masu lambu suna sayensa a buhu.

Keji ɗaya ya isa farawa, da kaji masu mako 16 zuwa 18 da suka kusa fara ƙwai. Kada a zuba kuɗin sallama duka. A ware na abincin wata biyu, saboda kaji za su ci makonni kafin su biya kansu, kuma farashin masara ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wanda ke da niyyar yawan tafiya, ko Umara ko ziyarar 'ya'ya a wasu garuruwa, ya fara koya wa wani a gida taɓa bakin ruwa da rubuta littafi kafin ya kawo kaza ko ɗaya.