Wane gem ɗin tseren mota ne tayarsa ke faɗin gaskiya?

Duk wanda ya yi tuƙi a Sakkwato cikin watan Afrilu ya san taya ba ɗaya take ba safe da rana. Iskar da mai faci ya auna maka da hantsi, kafin ka kai Tambuwal ta ƙaru, don kwalta ta ɗau zafi. Da wannan nake auna gem ɗin tsere kafin in ce wa mutum ya fitar da kuɗinsa: tayar tana jin zafi, tana cinyewa, tana sakin ƙasa a hankali, ko kuwa zanen roba ne kawai ke juyawa?

Nawa gwanin shi ne Assetto Corsa Competizione, wanda kamfanin Kunos na Italiya ya fitar a 2019, da motocin tsere na ajin GT3 bisa tayar kamfanin Pirelli. Ka fito zagayen farko taya na sanyi, ka shiga kwana da ƙarfi, gaban motar zai ƙi bin sitiyari. Sai ta ɗumama iska ta hau wajen psi 26 zuwa 27 a ma'aunin iskar taya kafin ta kama ƙasa yadda ya kamata. In iskar ta gaza, motar ta yi nauyin juyawa. In ta wuce, abin da ke taɓa kwalta ya ragu, santsi ya zo. Kuma zafin filin yana canja lissafin, saitin da ya yi maka da rana ba zai yi da dare ba. Abin da ya fi burge ni shi ne birki. Ka danne shi har taya ta daina juyawa ta goge ƙasa, wurin zai baje, daga nan har ƙarshen tseren kana jin kakkarwarsa a tafin hannunka duk juyi. Ga shi ana bugawa da motocin da kwamfuta ke tuƙawa ba tare da intanet ba, wanda a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai yana son kwamfuta mai ƙarfi, ko PS5.

Cikin sauran gem ɗin, rFactor 2 tayarsa ba ta da makusa, har roba takan taru a layin da ake bi, amma saita shi kan cinye maka rabin wutar da aka kawo. iRacing kuɗin wata ne da dala, yawancin motoci da filaye saye daban, kuma sai da intanet. Gran Turismo 7 kyakkyawa ne, yana dai yafe kuskure da yawa. Mai tsohuwar kwamfuta ya nemi Live for Speed, tun 2002 yake, gwajinsa kyauta.

To amma duk wannan banza ne in sitiyarin da za ka jona ka buga gem ɗin na bogi ne, kuma nan ake cutar mutane. Ni kaina an taɓa damƙa mini shi a wani shago, da rantsuwa cewa na gaske ne. Sitiyari iri biyu ne. Akwai mai inji a ciki wanda ke turje maka, ya yi nauyi in taya ta kama, ya saki in ta zame. Akwai mai jijjiga kawai irin ta waya, wanda ba ya gaya maka komai game da taya. Kwalinsu duk da hoton motar tsere, duk da manyan rubutu.

Kada ka saurari bakin mai kaya, a jona a gabanka. Na gaske irin Logitech G29 yana da tasa wayar wuta da ake sa wa a soket, kuma da an kunna shi zai juya da kansa dama da hagu har ƙarshe. Yana yin digiri 900, wato juyi biyu da rabi. In ka murza ya tsaya a rabin juyi kuma ƙarfe mai tsalle (spring) ne ya dawo da shi, mayar wa mai kaya abinsa. Duba na'urarka ma: G29 na PlayStation ne da kwamfuta, G920 na Xbox da kwamfuta. Na hannu kuwa, taka birki da totur kana kallon allo, domin ƙurar hunturu na shiga fedojin su riƙa rawa. Masu cewa za su tura maka gem a filash da araha, ko su sayar maka da asusun Steam, kasuwar gem ta intanet, da mutum goma ke amfani da shi, ka guje su. Ranar da mai shi ya canja lambar sirri, kuɗinka ya tafi. Buɗe naka asusun, ka jira lokacin rangwame.