Rawaya ce, ba ƙwarƙo ba

Malama, kin yi tambaya a kan furen nan mai ruwan ɗorawa da kika gani a gindin duwatsu lokacin da kike dawowa Sakkwato daga Zuru, wanda kika ce yana manne da ƙasa a inda gobarar daji ta ci, kuma babu ganye ko ɗaya tare da shi. Wasu a zauren nan sun ce ƙwarƙo ne, amma siffar da kika bayar ta rawaya ce, wadda masana tsirrai ke kira Cochlospermum tinctorium.

Rawaya tsiron ƙasarmu ce, ana samunta a dazuzzuka tun daga Senegal har Sudan. Tana da kakkaurar saiwa wadda wuta ba ta kashewa, shi ya sa da rani, bayan an ƙona daji, furenta ke fitowa kai tsaye daga saiwar, ganyen kuwa sai da damina. Furen babba ne, faɗinsa kan kai santimita 6 zuwa 9, yana da kunnuwa biyar da tarin siraran zare a tsakiya, kuma idan 'ya'yan suka bushe suka fashe za ki ga irin lulluɓe da wani abu kamar auduga. Saiwar ce ake dakawa a rina tufafi, kuma masu maganin gargajiya na ba da ita ga mai ciwon shawara, ko da yake ciwo irin wannan asibiti ya fi cancanta a fara kai shi.

Ƙwarƙo baƙo ne, asalinsa daga Meziko. Ya fi son kufai da juji da bakin fadama, ba ya yin fure sai a kan kara mai ganye, ganyen kuma cike yake da ƙaya da fararen jijiyoyi. Da an karya shi sai ruwa mai ruwan ɗorawa ya fito, ƙananan baƙaƙen irinsa kuwa guba ne, don haka a kiyaye yara.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne 'yar'uwar rawaya, Cochlospermum planchonii, domin furensu kusan ɗaya ne. Ita tana yin tsayi har kusan mita 2, kuma a ƙarshen damina take fure a saman reshe mai ganye. Tunda naki a ƙasa yake, da rani, babu ganye, ba ita ba ce.