Gargaɗi ga masu sana'ar turare a Legas: hattara da masu tallar ambar

Jama'a, musamman 'yan uwana masu haɗa humra da turaren wuta a Agege, Idi-Araba da Obalende, ku saurara. Wasu mutane suna yawo da wani dunƙule mai kama da dutse, fari-fari da toka-toka, suna cewa ambar ne, wato wani abu mai tsada da ake sa wa turare, wai masunta ne suka tsince shi a gaɓar teku wajen Badagry. Yayata sun cinye mata kuɗin adashinta kakaf, shi ya sa nake wannan rubutu da zafin rai.

Mutum ɗaya ne ya fara zuwa shagonta, da ladabi, "Hajiya" sama "Hajiya" ƙasa, ya ce shi bai san darajar abin ba, kuɗin mota kawai yake nema. Ya bar mata ɗan gutsure. Bayan kwana biyu wani ya kira ta, wai wakilin wani attajiri ne daga Dubai, ko nawa ne zai saya da dala. Ta koma ta saye dunƙulen duka. Daga ranar layukan biyu suka mutu. Da muka kai wa wani dattijo da ya daɗe a harkar turare, ya murza, ya shinshina, ya ce: "'Yata, kakin kyandir ne da kitse, aka zuba musu turare."

Abin da ya sa tarkon ke kama mutane shi ne ambar na gaskiya akwai shi, kuma yana da tsada. A cikin hanjin wata ƙatuwar dabbar teku yake samuwa, wadda Larabawa ke kira hutul anbar. Abincinta wasu halittun ruwa ne masu hannaye da yawa da baki mai tauri kamar na aku. Bakin ba ya narkewa, sai cikinta ya lulluɓe shi da wani maiƙo har ya dunƙule. Ana ƙiyasta cewa ɗaya ce cikin ɗari ke yin sa. Sabonsa baƙi ne, mai laushi, mai warin kashi. Sai ya shekara da shekaru yana yawo a kan ruwa, rana da gishiri suna cin sa, kafin ya yi haske ya yi ƙamshi mai sanyi. Amfaninsa kuwa riƙe ƙamshi, ya sa turare ya daɗe a jiki.

A 2021 wasu masunta 35 a Yaman sun sami kilo 127 a cikin gawar dabbar a tekun Aden, suka sayar kusan dala miliyan ɗaya da rabi. Irin wannan labarin 'yan damfara ke nuna miki a waya don zuciyarki ta tashi. To ki tambayi kanki: wanda ke riƙe da irin wannan dukiya, me zai kawo shi shagonki yana neman kuɗin mota?

Kada kuma a ruɗe ki da gwajin allura. Gaskiya ne idan aka soka allura mai zafi a ambar yana narkewa ya yi baƙi mai sheƙi, ya fitar da farin hayaƙi, kuma yana tasowa saman ruwa. Amma kaki ma yana narkewa, yana tasowa. Yayata a gabanta aka yi duka biyun. Ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai zai tabbatar.

Sannan yawancin turarukan kamfani yau ba su taɓa ganin ambar ba, sinadarin Ambroxan ake sa musu a madadinsa. Ƙasashe kamar Amurka, Indiya da Ostireliya ma sun haramta cinikinsa, don haka mai yi miki alkawarin fitar da shi waje cikin sauƙi, ki tsaya ki duba shi da kyau.

In sun zo, kada ki ba da ko sisi, kada ki karɓi gutsuren. Ki ajiye lambobinsu da lambar asusun da suka bayar, ki kai wa 'yan sanda ko EFCC, ki kuma sanar da shugabannin kasuwarku. Mu mun kai namu rahoton, muna jira. Don Allah a tura wa duk mai sayar da turare da aka sani, don na ji an ga mai irin wannan dunƙulen wajen Mile 12 a makon nan.