Yaya, babur ɗin Italiya ba na ɗaukar buhu ba ne

Yaya, bayan gaisuwa da fatan su Inna da yara duk suna lafiya. Saƙonka ya iso, cewa in duba maka ɗan babur ƙirar Italiya mai dogayen ƙafafun nan, saboda hanyar gona da damina. Na duba.

Wajen ƙira dai sai a sara musu, gadon gida ne. Kamfanin Beta da ke kusa da Fulorens da kekuna ya fara tun 1905, sai bayan yaƙin duniya na biyu ya shiga yin babura. An kafa kamfanin Fantic a 1968, kuma har gobe in ka ambaci samfurinsa Caballero gaban dattijo a nan Bergamo sai ka ga ya washe baki, don da shi suka ci samartaka a kan duwatsun nan. Da yawa daga cikin ƙananan baburan, injin kamfanin Minarelli na garin Bolonya ne a jikinsu.

To amma wa ke hawa? Yara. Ɗan shekara 14 yana iya samun lasisin mai cc 50, wanda doka ta hana ya wuce kilomita 45 a awa. Sai ya cika 16 ya hau mai 125. Makaranta suke zuwa da shi, ran Lahadi su shiga daji su dawo buɗu-buɗu da taɓo, uba ya kama tiyo ya taya wanki.

Na tsaya a kan na ɗan maƙwabcinmu. Tsayi kamar raƙumi, da ƙyar yatsun ƙafata suka taɓa ƙasa. Sitin siriri ne, ga tauri, babu kariya ko ta ɗaura jarka, balle Inna ta zauna a baya da zani. Tayoyin masu ƙuraje ne, suna cizon laka sosai, kwalta kuwa cinye su take yi. Shokazoba kam ban taɓa ganin irinta ba, rami ba ya gaya mata komai. Injin irin mai hayaƙin nan ne da ke shan baƙin mai tare da fetur, ga ƙara.

Sabo ya haura yuro 3,000, mai cc 50 ɗin ma ke nan. Bayan haka ga inshora dole, ga hular kwano, ga kai shi duba lafiya bayan shekara huɗu, daga nan duk bayan shekara biyu.

Gyara ne ya fi ba ni mamaki. Bakanike a nan sai ka kira ya sa maka rana, kuɗin hannunsa da awa ake lissafawa, kuma ba ya lallaɓa abin da ya lalace, sabo yake sawa. Gaskiya jabu bai cika shiga ba, kuma za a ba ka rasit. Amma ina za ka haɗa da namu na gindin bishiya, da zai sauke inji da hantsi ya miƙa maka makulli kafin la'asar? In ringi ko fistin ɗin Beta ya tafi a gida, wane shago za ka shiga?

Shawarata ka nemi Boxer, kayanta ko a kasuwar ƙauye akwai, ga ta da jure lodi. Zan turo kuɗin ƙarshen wata in Allah ya yarda, da ɗan ƙari a sa mata taya mai ƙuraje a baya. Ka tambayo mini farashi tukuna.