FreePBX 17 a ƙaramin akwati: abin da na gani bayan na sauya wa wani kantin magani

Sana'ata haɗa wa ƙananan ofisoshi wayar cikin gida, wadda mutanenmu ke ce wa intakom. Yawanci ina girka FreePBX, manhajar da ke sarrafa wayoyin ofis, a wata 'yar kwamfuta marar fanka, girmanta kamar sabulun wanki biyu a haɗe, in ɗaure ta a bango kusa da inbata. Ba ta kai wat 15 ba, don haka ko an ɗauke wuta batir yana riƙe ta har safe.

Kwanan baya na sabunta ta wani kantin sarin magani a Kano, mai wayoyin tebur 9 da layukan sim 4. Shekaru suna kan FreePBX 16 ba matsala, amma tushen da aka gina shi a kai, wato babbar manhajar kwamfuta mai suna CentOS 7, an daina kula da shi tun 30 ga Yunin 2024. Akwatin da ke haɗe da intanet dare da rana kuma ba a toshe masa ɓaraka, ɓarayin kira yake jira. Na faɗa wa mai kantin haka. Ya ce, "Injiniya, ni dai kada waya ta mutu ranar Litinin." Na ce, "In sha Allahu, Alhaji, daren Asabar za mu yi."

FreePBX 17 ya fito a Agustan 2024, kuma a kan wani tushe dabam mai suna Debian 12 yake zaune. Ba a ɗora shi a kan tsohon kai tsaye. Sai ka kwashe ajiyar bayananka, ka girka Debian sabo fil, ka saka umarnin girkawa, sannan ka mayar da ajiyar. Ni na fi son hakan, domin na kawo sabon akwati na bar tsohon a gefe, in abu ya ƙi in mayar da shi cikin minti 5. Lambobin ciki da jerin gwanon masu kira da gaisuwar da muka naɗa duk suka dawo yadda suke.

Inda aikin yake shi ne batun chan_sip. Asterisk, injin da ke ƙarƙashin FreePBX, wanda Mark Spencer ya fara a 1999, ya cire wannan tsohuwar hanyar haɗa waya a sigarsa ta 21 da FreePBX 17 ya fito da ita, ya bar sabuwar hanya mai suna PJSIP kaɗai. Wayoyi 6 na kantin ta ƙofar sadarwa mai lamba 5160 suke shiga akwatin, sabuwar hanya kuma tana 5060, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya da fitilar waya a hannu ina sauya lamba. Akwai kuma wani ɗan tsari da na rubuta musu da wani umarnin Asterisk mai suna Macro, mai tura kira gida bayan ƙarfe 8 na dare. Shi ma an cire Macro, sai na sake rubuta tsarin da Gosub, umarnin da ya maye gurbinsa. Wanda bai taɓa rubuta nasa tsarin ba, wannan bai shafe shi ba.

Amma wallahi PJSIP ta biya wahalarta. Yanzu lambar ciki ɗaya tana iya zama a na'ura fiye da ɗaya. Lambar Alhaji 101 ce. Na saka ta a wayar teburinsa, na kuma saka ta a manhajar wayar hannunsa. Da safiyar Litinin yana sito a baya yana ƙirga kwalayen ruwan ƙari, wani mai kemis daga Wudil ya kira, tebur ya yi ƙara, aljihunsa ma ya yi. Ya ɗaga nan tsaye, biro a bayan kunne, ya karɓi oda. Da can yaron shago ne zai sheƙa a guje ya kira shi, kafin ya iso mai kira ya katse. Wannan kaɗai ya isa dalilin sauyawa ga duk mai kasuwancin da ba ya zama wuri ɗaya.

Abin da nake fata a samu shi ne muryoyin Hausa. Waɗanda ke zuwa da Asterisk akwai Turanci da Faransanci da Sifaniyanci da wasu, babu namu. Gaisuwar farko mai cewa "danna 1 domin sari, danna 2 domin lissafi" muryar akawunsu ce muka naɗa, amma saƙon murya da karanta lambobi suna nan da Turanci, kuma dattawa da yawa da sun ji shi suke ajiye waya. Na kashe musu saƙon murya gaba ɗaya, na mayar da duk kiran da ba a ɗaga ba zuwa teburin karɓar baƙi.

Manhajar FreePBX kyauta ce, ko da yake kamfanin Sangoma da ke riƙe da ita yana sayar da wasu ƙarin sassa. Kantin nan bai buƙaci ko ɗaya ba. Tsohon akwatin na bar shi mako 2 a kan kanta, ban koma kansa ba, jiya na goge shi zan kai wa wata makarantar kuɗi da ke son wayoyi 5.