Shagon sikana da nake kai zanena a Damagaram

Wata 7 ke nan ina koyon zanen jarida, irin wanda ake sakawa kusa da sharhi don mai karatu ya gane inda maganar ta dosa tun kafin ya karanta. Wata jaridar mako-mako ta Yamai ce ta ba ni damar gwadawa. Edita yakan turo mini sharhin da hantsi, ya ce kafin magariba yake son zanen, don a daren ake rufe shafi. Kusan kilomita 900 ne tsakaninmu, amma ba nisan ne ya dame ni ba. Damuwata ita ce yadda zanen zai tashi daga takarda ya shiga kwamfuta da tsabtarsa.

Da fari da waya nake ɗauka. Farar takarda ta fito toka-toka, inuwar hannuna ta kwanta a gefe. Sau biyu aka dawo mini da aiki, har malamina ya kwatanta mini wani shagon fotokopi a bakin Kasuwar Dole.

Ranar da na fara zuwa, sharhin a kan tsadar hatsi ne. Na zana wata tsohuwa riƙe da tiya, tiyar ta ƙanƙance har ta koma kamar ludayi a tafinta. Ina sauka daga kabu-kabu bayan la'asar na tarar babu wuta a layin, gabana ya faɗi. Ashe shagon yana da faranti na hasken rana da batura, na'urorinsa na aiki. Wannan kaɗai ya ishe ni dalilin komawa.

Mai shagon bai karɓi takardata ba sai da ya goge gilashin sikana da ƙyalle, don lokacin hunturu ne, kuma ƙwayar ƙura ɗaya takan fito ɗigo baƙi a fuskar mutum. Ya ɗaga zanen ya duba, ya ce, "Ƙanwata, goge sauran kiriyon nan tukuna, na'urar nan ba ta rufa asiri." Ya tambaye ni ko da launi za a buga. Da na ce baƙi da fari ne, ya sa na'urar a 600 dpi, wato yawan ɗigon da take ɗauka a kowane inci, ya ce 300 na hoto mai launi ne, zanen tawada ya fi son a ƙara masa.

Abin da ya yi bayan nan ne ya saye ni. Ya rage zanen zuwa faɗin da zai fito a jarida, ya buga mini gwaji a takarda mai araha. Tamojin fuskar tsohuwar, da na ɓata kusan awa guda ina ja da siririn alƙalami, rabi ya ɓace, sauran ya cakuɗe. Takardar jarida tana shan tawada, layukan da suka matsu da juna sai su haɗe. Ni da na taso da tawadar allo na san yadda tawada ke malala, amma ban taɓa kawo haka a zanen jarida ba. A kan bencin shagon na zauna na sake fuskar da layi 5 masu kauri. Na ce, "Yaya, a sake." Ya sake, bai ƙara mini ko dala ba, ya kuma tuna mini in tura ta WhatsApp a matsayin takarda, kar a matse hoton. Ana kiran magariba edita ya amsa.

Akwai inda shagon ya gaza. Sikanarsa A4 ce kawai. Mai babban zane sai an ɗauka sau biyu a haɗa, kuma mahaɗin yakan nuna. Lokacin da ɗaliban Jami'ar André Salifou ke buga kundin kammala karatu, ba layi ba tsari, na taɓa yin sama da awa guda a tsaye da zane ɗaya a hannu, raina ya ɓaci sosai. Kuɗinsa dala 40 shafi, wato sefa 200, ya ɗan fi na maƙwabtansa, amma ni ban ga tsadarsa ba.

Yanzu a kan A4 nake zana komai, kuma in aikin na gaggawa ne nakan kira shi tun azahar ya san ina tafe.